Kwalejin Barewa: Tsarin Koyarwa da Horon Malamai

Kwalejin Barewa makarantar sakandare ce ta kwana, ta 'yan maza zalla, da ke Zariya a Jihar Kaduna. An kafa ta a Katsina a 1921, ta koma Kaduna a 1938, daga nan ta sake ƙaura zuwa Zariya a 1949, sunan da take amsawa yanzu kuwa a 1971 aka raɗa mata shi. Ana lissafa ta a matsayin makarantar gwamnati ta farko ta gaba da firamare a Arewacin Najeriya. Sunanta ya fi fita ta dalilin manyan da ta yaye, cikinsu har da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da mutum biyar da suka shugabanci ƙasa: Abubakar Tafawa Ɓalewa, Yakubu Gowon, Murtala Muhammad, Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa. Sai dai aikin da aka kafa ta dominsa tun asali shi ne horar da malaman makaranta, kuma yadda ta riƙe wannan aiki, da yadda ya kuɓuce mata daga baya, ya shafi karatun boko a Arewa gaba ɗaya.

Asali

Bayan da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba. Saboda haka 'yan mishan, waɗanda su ne suka baza makarantun boko a Kudu, ba a sakar musu mara a masarautun Musulmi ba. Dole gwamnati ta buɗe nata makarantun. Wanda ya ɗora harsashin shi ne Hanns Vischer, haifaffen ƙasar Suwizalan da Hausawa suka yi wa laƙabi da Ɗan Hausa. A 1909 ya buɗe makaranta a Nasarawa, bayan birnin Kano, inda ake koyar da karatu da rubutun Hausar boko da lissafi da sana'o'in hannu. Daga cikin waɗanda suka yi karatu a nan aka sami malaman farko na makarantun larduna.

Kafin a je ko'ina ƙarancin malamai ya zama babbar matsala. Makarantun larduna suna ƙaruwa, waɗanda za su koyar a cikinsu kuwa iliminsu bai wuce na ɗaliban da nisa ba, musamman a fannin Turanci. Ofisoshin gwamnati da na jirgin ƙasa da na kamfanoni kuma cike suke da akawuna daga Kudu da Saliyo da Gana, abin da bai yi wa sarakuna daɗi ba, bai kuma kwanta wa Razdanoni a rai ba. A wannan hali ne Sir Hugh Clifford, wanda ya yi gwamnan Najeriya daga 1919 zuwa 1925, ya amince da kafa kwalejin horon malamai. Ta fara karɓar ɗalibai a 1921, shi kuma ya buɗe ta da kansa a watan Maris na 1922.

Dalili biyu Clifford ya bayar na zaɓen Katsina. Na farko, gari ne da ya yi suna a ilimi da riƙon addini tun zamanin su Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani. Na biyu, yana nesa da hanyar jirgin ƙasa da hayaniyar garuruwan ciniki. Ga kuma Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau gadon sarauta a 1906, mai maraba da sababbin abubuwa. Dalili na biyun nan shi ya fi tona manufar masu mulkin: suna son malamin da ya iya Turanci, amma ba sa son irin 'yan bokon Legas masu rubuce-rubuce a jarida suna ja da gwamnati. Abin da aka nema shi ne saurayi ya ƙoshi da boko, ya koma lardinsu yana girmama sarki da iyaye da addini kamar yadda ya bar su. Wannan ra'ayi na daidaita boko da al'adar mutane shi ne daga baya ya zama manufar Ingila a rubuce, a takardar 1925 ta kwamitin ba da shawara kan ilimi a Afirka, wanda Ɗan Hausa ne sakatarensa.

Ɗalibai da manhaja

Ba kowa ke shiga ba. Daga makarantun larduna ake zaƙulo yaran da suka fi hazaƙa, da sanin jami'in ilimi da Razdan da sarki, En'e ta ɗauki nauyinsu, da sharaɗin in sun gama su dawo su yi mata aiki. Akwai 'ya'yan sarauta kamar Ahmadu Bello, akwai 'ya'yan malamai da alƙalai kamar Abubakar Imam, akwai kuma waɗanda iyayensu barorin masu sarauta ne kamar Tafawa Ɓalewa. A zamanin Katsina Musulmi ake ɗauka. Waɗanda ake karɓa a shekara ba su kai cikin aji guda na sakandaren gwamnati ta yau ba. Akwai wata al'ada da ke nuna ƙarancin nasu ƙarara: kowane ɗalibi ana ba shi lamba bi da bi tun daga mutum na farko, kuma tsofaffin ɗalibai har gobe da ita suke gane juna. Waɗanda suka shiga a 1950, wato kusan shekara 30 da kafuwar makarantar, lambarsu ba ta kai 1,000 ba.

Karatun shekara biyar ne. Ahmadu Bello ya yi nasa daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Imam daga 1927 zuwa 1932, Tafawa Ɓalewa daga 1928 zuwa 1933. Darussan sun haɗa da Turanci, lissafi, tarihi, labarin ƙasa, dabarun koyarwa, da Larabci da addini. Kimiyya ba ta cikin tsarin farko.

Turanci shi ne ginshiƙi. Da shi ake koyar da sauran darussan boko, kuma kwalejin ta yi suna wajen naci a kan lafazi. Yaron da ya tashi da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci yana da sautukan da ke ba shi wuya a Turanci, kamar rarrabe "p" da "f" ga Bahaushe, da wasulan Turanci masu yawa da kunne bai saba da su ba. Hanyar da aka bi ita ce a sa yaro ya saurara, ya maimaita, a gyara masa, ya sake, har bakinsa ya faɗa. Gerald Power shi ne Baturen da aka fi dangantawa da wannan horo. Abin ya yiwu ne don aji ƙarami ne, malamin kuma harshensa na gado yake koyarwa, kowane ɗalibi yana samun damar buɗe baki a kowane darasi. Akwai hikima a ciki da ta wuce ƙawa: wanda za a tura Yola ko Bida ya zama shi kaɗai ne madogarar Turancin yara masu yawa, in ya tafi da kuskure to kuskuren zai yi ta haihuwa shekara da shekaru. An ga amfanin horon a fili lokacin da Tafawa Ɓalewa ya fara magana a majalisa a Legas, har aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya.

Larabci da addini suna hannun malamai 'yan ƙasa. Fitacce a cikinsu shi ne Malam Bello Kagara, yayan Abubakar Imam, wanda ya yi karatu a makarantar Ɗan Hausa, ya daɗe yana koyarwa a kwalejin, daga baya ya zama alƙali har ya riƙe sarautar Walin Katsina. Akwai kuma Malam Nagwamatse. Kasancewarsu a makarantar ya kwantar da hankalin iyaye da sarakuna da ke zargin boko da raba yaro da sallarsa. Amma in aka auna da sa'o'in da Turanci da lissafi ke ci, ilimin addini bai sami zurfin da almajirin zaure ke samu ba. Wannan giɓi ne ya sa a 1934 aka buɗe makarantar shari'a a Kano, da malamai daga Sudan, wadda a 1947 ta zama Makarantar Nazarin Larabci.

Zama da wasanni

Ginin Katsina na ƙasa ne, irin na gari, ɗalibai kuma rigunansu da hulunansu na gida suke sawa. An raba su gida-gida, kowane gida da shugabansa daga cikin manyan ɗalibai. Wannan tsari na makarantun kwana na 'ya'yan manya a Ingila ne aka ɗauko aka sa masa rawani. Malami ba ya gama aiki da tashi daga aji. Da yamma yana fili tare da yara, yana lura da wanda ke da haƙuri, da mai saurin fushi, da wanda sauran ke saurara wa.

Ana buga kurket da ƙwallon ƙafa, sai kuma wasan da ya fi kama ƙasa, wato fayif, ƙwallon bango da ake bugawa da tafin hannu, wanda asalinsa daga makarantar Eton ne. S. J. Hogben, jami'in ilimi da ya yi aiki a Birnin Kebbi da Katsina, shi ake dangantawa da shigo da shi Arewa. Ahmadu Bello gwani ne a wasan, bai kuma daina bugawa ba har ya zama Firimiya. Har yanzu ana buga shi a Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi. Wani amfanin zaman tare da ba a rubuta a manhaja ba shi ne, a nan ɗan Barno da Banufe da ɗan Ilori da Basakkwace suka fara kwana wuri guda shekara biyar. Sanayyar da ta riƙe gwamnatin Jihar Arewa daga baya a wannan tsakar gida aka ƙulla da yawa daga cikinta.

Yadda ake yin malami

Bambancin Katsina da sakandare ta yau shi ne ɗalibi ya san tun ranar da ya shiga cewa alli zai riƙe. Saboda haka kowane darasi fuska biyu gare shi: yana koyon abin, yana kuma kallon yadda ake koyar da shi. A shekarun ƙarshe akan koya masa shirya darasi a rubuce, da tsara allo, da yi wa yara tambayar da za ta nuna ko sun gane, sannan a sa shi gaban aji na gaske, malaminsa na zaune yana kallo, in an tashi a gaya masa inda ya yi daidai da inda ya kauce. Tsarin ya fi kusa da yadda ɗan koyo ke zama gaban maƙeri: ya daɗe yana zuga yana kallo kafin a miƙa masa guduma.

Da ya gama sai a mai da shi lardinsu. Kashim Ibrahim ya koma Barno a 1929, Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato daga 1931 zuwa 1934 kafin a naɗa shi hakimin Raɓa, Abubakar Imam ya tsaya a Midil ta Katsina, Tafawa Ɓalewa ya tafi ta Bauchi har ya zama hedimasta, Aliyu Makaman Bida ya shugabanci ta Bida. Ta haka salon makaranta guda ya bazu a duk Arewa: irin lafazin, irin tsarin gidajen kwana, irin wasannin, har irin ladabin.

Malaman kwalejin da ƙarin iliminsu

Malaman hawa biyu ne. A sama akwai Turawa jami'an ilimi, yawancinsu masu digiri daga Oxford ko Cambridge. F. M. Urling Smith, wanda ake kira Malam Smith, shi ne daraktan ilimi na Arewa lokacin kafuwar kwalejin, G. A. J. Bieneman da Gerald Power suna cikin waɗanda suka jagorance ta a farko, E. L. Mort kuma a zamanin Kaduna. Dokar aiki ta wajabta wa Baturen gwamnati ya ci jarrabawar harshen ƙasa, wanda a nan Hausa ce, kafin ya ci gaba a muƙami, don haka malamin da ke gyara Turancin yaro shi ma ɗalibi ne a harshen yaron. Daga 1927 aka fara yi wa masu zuwa aikin ilimi a ƙasashen mulkin mallaka kwas na musamman a Landan, a makarantar da ta zama Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan a 1932. Babbar illar wannan rukuni ita ce rashin zama. Bature yakan yi shekara guda ko da 'yan watanni ya tafi hutu gida, in ya dawo a iya tura shi wani lardi. Malaman ƙasa su ne ke nan kullum, su ne suka san kowane yaro da gidan da ya fito, amma a albashi da matsayi suna can ƙasa, kuma ba a shimfiɗa musu hanyar hawa ba.

Haka abin yake ga waɗanda aka yaye. Horon farko mai ƙarfi ne, abin da ke biye da shi ne siriri. Takardar da kwalejin ke bayarwa ta sashen ilimi ce, tana ba da aiki a En'e amma ba ta buɗe ƙofar jami'a. Malamin Midil yana ƙarƙashin kulawar jami'in ilimi na lardi, yana iya zama jarrabawar babbar takardar malanta, yana iya zama hedimasta, daga nan kuma hanya ta ƙare. Wani muƙami da ya yi amfani ƙwarai shi ne na malamin duba makarantu, wanda ke zagaya elementare na ƙauyuka yana zama a aji, yana duba littafin shirin darasi, yana nuna wa malamin ƙauye yadda zai gyara. Kashim Ibrahim ya riƙe wannan aiki a Barno daga 1933, Shehu Shagari ma ya yi shi a lardin Sakkwato. A aikace wannan shi ne horon cikin aiki na wancan zamani, kuma ɗaliban kwalejin ne ke kai shi.

Wata ƙofar ci gaba ta buɗe ta inda ba a zata ba. A 1933 Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, don makarantu ba su da abin karantawa. Cikin littattafai biyar da aka buga, uku daga mutanen kwalejin suka fito: Ganɗoki na Bello Kagara, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa. A 1936 aka ɗauko Imam daga aji zuwa Zariya ya rubuta Magana Jari Ce don karatun 'yan makaranta, a 1939 kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Wato malaman da aka horar don su koyar da Turanci su ne suka samar wa Hausar boko ƙagaggun littattafanta na farko.

Malaman kansu sun nemi hanyar haɗuwa. A 1939 aka kafa ƙungiyar tsofaffin ɗaliban kwalejin, abin da wasu sarakuna da Turawa suka kalla da ido guda. A Bauchi, inda Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano da Sa'adu Zungur suka haɗu a farkon shekarun 1940, an yi zauren muhawara da ya taɓo har mulkin En'e. Sai a 1945, bayan yaƙi, aka fara tura malaman Arewa Cibiyar Ilimi ta Landan. Tafawa Ɓalewa na cikin rukunin farko, Aminu Kano ya bi a 1946. Da Aminu ya dawo ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948. Shekara 24 ke nan tsakanin kafa kwalejin da tura ɗalibanta na farko ƙaro ilimi a waje, kuma wannan jinkiri yana cikin manyan laifuffukan da masana tarihi ke ɗora wa tsarin.

Da tsanin ya samu kuma, siyasa ta zo ta kwashe masu hawansa. Aminu Kano ya ajiye shugabancin makarantar horon malamai ta Maru a 1950. A 1952 Tafawa Ɓalewa da Kashim Ibrahim suka zama ministoci a Legas, Makaman Bida ya zama ministan ilimi a Kaduna, muƙamin da Isa Kaita, shi ma ɗan kwalejin, ya riƙe daga baya. Shagari ya shiga majalisar tarayya a 1954. Manufar cike ofisoshin gwamnatin Arewa da 'yan Arewa ta janye wasu da dama. Babu inda za a samo masu ilimin boko sai a aji, don haka aji ne ya biya kuɗin.

Daga horon malamai zuwa sakandare

Canjin ya faro tun 1929, lokacin da aka haɗe sassan ilimi na Kudu da Arewa ƙarƙashin E. R. J. Hussey. Shi ya kawo tsarin elementare da Midil da babbar kwaleji. Aka ɗaga Katsina zuwa babbar kwaleji, aka shigo da kimiyya, da niyyar ta riƙa shirya mataimakan likita da na aikin gona da na injiniya ban da malamai. Horar da malaman elementare kuwa aka ba wasu cibiyoyi dabam, irin na Katsina da Bauchi da Toro. Karayar tattalin arzikin duniya ta shekarun 1930 ta tsuke kuɗi, abubuwa suka tafi da jan ƙafa. Sa'adu Zungur, ɗan kwalejin da ya wuce Babbar Kwalejin Yaba a 1934, shi ne ɗan Arewa na farko da ya shiga can.

Ƙaura zuwa Kaduna a 1938 ta rushe dalilin Clifford na nisantar hanyar jirgi, domin an dawo da makarantar hedkwatar gwamnati, mahaɗar jiragen ƙasa. Yaƙin duniya na biyu ya same ta a nan: sojoji suka karɓe gininta, ta koma matsugunin wucin gadi, malamai Turawa suka ragu. Duk da haka a wannan zamani ta yaye Aminu Kano a 1942 da Shehu Shagari a 1944, wanda ya koma Midil ta Sakkwato yana koyar da kimiyya.

A Zariya, daga 1949, ta zama cikakkiyar sakandare, a shekarar da aka kafa takwararta ta Keffi. Nan ma'aunin nasara ya sauya. A Katsina ana auna ɗalibi da yadda zai tsaya gaban aji. A Zariya ana auna shi da jarrabawar Cambridge, sannan ta WAEC, hukumar da aka kafa a 1952, daga baya kuma aka ƙara ajin shekara biyu na HSC mai kai wa jami'a, wanda Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kammala a nan a 1971. Manhaja ta faɗaɗa, ɗakunan gwaje-gwajen kimiyya suka samu, ƙofa ta buɗe ga waɗanda ba Musulmi ba. Yakubu Gowon, ɗan mai wa'azin Kirista da ya tashi a Wusasa, ya yi karatu a nan daga 1950 zuwa 1953 har ya zama shugaban ɗalibai. Soja ma ta sami hafsoshinta na farko 'yan Arewa daga makarantar, irin su Zakariya Maimalari. Tsarin gidaje ya ci gaba, kuma sunayensu tarihin makarantar ne a taƙaice: Lugga, Clifford, Ɗan Hausa, Malam Smith, Bieneman, Mort, Bello Kagara, Nagwamatse, sai Ja'afaru Sarkin Zazzau da Sulaimanu Barau Sarkin Abuja. Taken makarantar karin maganar Larabci ne, man jadda wajada, wanda ya dage ya samu.

Ta fuskar malamai, shekarun 1950 da 1960 zamanin haɗin gambiza ne a sakandaren Arewa: Turawan Ingila, Indiyawa, 'yan Pakistan, da matasan sa-kai na Amurka da suka fara zuwa Najeriya a 1961. Horar da malamin sakandare ɗan ƙasa kuwa ya bar hannun makarantu ya koma manyan cibiyoyi. Rahoton kwamitin Ashby na 1960 ya kai ga ƙirƙiro takardar NCE, aka buɗe Babbar Kwalejin Malamai ta Zariya a 1962, shekarar da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello, wadda Cibiyar Iliminta ta fara aiki a 1965 tana kula da kwalejojin horon malamai na Arewa tana kuma shirya kwasa-kwasan ƙarin sani. A 1973 gwamnatin Gowon ta kafa shirin yi wa ƙasa hidima, wanda ya zama hanyar cike gurbin malamai a sakandare da dama. A 1976 aka ƙaddamar da ilimin firamare kyauta ga kowa, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don horarwa daga nesa. Tururuwar yaran da shirin ya kawo ta isa sakandare a farkon shekarun 1980, daidai lokacin da tsarin 6-3-3-4 ya fara aiki kuma kuɗin mai ya faɗi. Sharuɗɗan da tsohon tsarin ya dogara a kansu, wato aji ƙarami da malami mai kwana a makaranta da isasshen lokaci, su ne suka fara tafiya.

Hukunci

Masu yabon kwalejin suna kafa hujja da ingancin waɗanda ta yaye, kuma hujjar tana da ƙarfi. Masu suka suna cewa ingancin an saye shi ne da ƙaranci. Makaranta guda ce ga yankin da ya fi rabin ƙasar girma, ga maza kaɗai. Makarantun 'yan mata na Kano da Katsina sai a 1930 aka buɗe su, cibiyar horon malamai mata ta Sakkwato kuma a 1939. Lokacin da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, 'yan Arewa da suka cika sharuɗɗan shiga 'yan ƙalilan ne, kuma wannan rata tana cikin abin da ya sa shugabannin Arewa suka ƙi amincewa da gaggauta mulkin kai a 1953. Burin samar da malami mai biyayya ma bai cika yadda aka so ba, domin makarantar da ta yaye Sardauna ita ta yaye Sa'adu Zungur da Aminu Kano, waɗanda suka fi kowa sukar mulkin En'e. Wanda aka koya wa karatu da kyau ba a iya zaɓa masa abin da zai karanta. J. P. Hubbard ya rubuta littafi guda a kan tarihin kwalejin daga 1921 zuwa 1942, Sardauna kuma ya ba da labarin zamansa a can a tarihin rayuwarsa da aka buga a 1962.

Tsohon ginin Katsina yana nan, an mai da shi gidan adana kayan tarihi na ƙasa. Ita kuwa makarantar ta cika shekara 100 a 2021 tana ƙarƙashin gwamnatin Jihar Kaduna, ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta kuma tana taimakawa da gyaran gine-gine da kayan aiki. Ba ta horar da malamai yanzu. Gwamnatin jiha ce ke ɗaukar masu koyarwa a cikinta, ta yi musu ƙarin girma da canjin wurin aiki, kuma kamar kowane malami a Najeriya ana bukatar su mallaki aƙalla takardar NCE tare da rajistar Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, wadda aka kafa da dokar 1993.